Daren da Biro Ya Suɓuce

Bayan sallar isha'i ne, ina tsakiyar babi na bakwai, sai biro ya suɓuce daga hannuna. Na buɗe baki in kira uwargida, harshe ya yi nauyi. Kafin minti goma komai ya dawo daidai, har na yi niyyar kwanciya.

Ita ce ta nace sai asibiti a daren. Likita ya auna jinina, 170 bisa 100, ya ce da alama jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa ta sake buɗewa, kuma kwana biyun farko sun fi haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi mutuwa firgita ni shi ne in zauna da labari a ciki, babu bakin faɗa, babu hannun rubutawa. Mako uku ina farkawa tsakar dare ina karanta Fatiha a bayyane, don in ji ko harshen na nan.

Yanzu ƙwayar hawan jini na kusa da butar alwala, ba fashi. An rage gishiri da dunƙule (miya ta yi lami, na haƙura). Na bar sigari, nakan taka zuwa masallaci mai nisa. Rubutu kuwa sai da hantsi, ƙofa a buɗe, inda uwargida za ta ji ni.