Tsakanin Burushi da Wayar Sola

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma abin da zan kawo muku ya daɗe yana cina a rai.

Ina aji biyu a sashen zane na jami'a a Zariya malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ranar 14 ga Fabrairu, 2022. Da farko sati huɗu aka ce, shi ya sa ko katifata ban ɗauko ba. Sati huɗun nan sai da ya zama wata takwas.

Watan farko a gida na yi shi, a Funtuwa, daga ci sai barci. Wata rana Kawu ya zo daga Kano ya same ni a tsakar gida ina zana tukunyar Inna da gawayi a bayan kwali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai. To nawa ake saye?" Na rasa amsa. Ya ce in haɗa kayana, gobe tare za mu koma.

Sana'ar Kawu haɗa wa mutane sola. Da riƙe tsani na fara. Cikin wata uku na iya lissafa fanka nawa, ƙwan fitila nawa da firji nawa ke gida kafin a san girman inbatar da za a saya. Na iya haɗa batir biyu masu bolt 12 su ba da 24, na san a nan ƙasarmu kudu ake fuskantar da farantin sola. Kuɗi suka fara shiga aljihuna. Na sayo wa Inna turmin atamfa. Da yake ni ne ɗan fari, ko kallona ba ta yi ba, sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa yayanku Allah Ya yi albarka." A shekara biyun da na yi ina zane ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ranar 14 ga Oktoba aka janye yajin aiki. A daren Kawu ya zaunar da ni. Ya ce zai buɗe shago na biyu, kuma ni yake so ya damƙa wa. Zai biya mini kwas na wata shida in ƙware a wayarin ɗin gidaje, in samu takarda. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya raba mutum da makaranta, in na zauna na zauna ke nan. Ya ba ni sati biyu.

Na kira Baba. Tsohon malamin firamare ne, fanshonsa ba ya kai mu ƙarshen wata, ga ƙanne biyar a bayana. Tun farko ma da ƙyar ya yarda da karatun nan, saboda maganar zana abu mai rai, sai da na yi masa alkawarin ba zan shiga sassaƙa ba. Na zaci zai ce in zauna wajen Kawu, in huta da tunani. Sai ya ce, "Ka yi istihara, ka kuma yi lissafi. Kada ka yi ɗaya ka bar ɗaya."

Na raba takarda gida biyu. Gefen sola ya cika har na juya baya: kuɗi a hannu, kuɗin makarantar ƙanne, aure da wuri. Gefen zane kuwa, sauran fiye da shekara biyu, ga fenti da burushi da farashinsu ke bin dala, bayan bautar ƙasa kuma wataƙila koyarwa. A unguwarmu in ka ce zane kake karanta, sai a ce ka zo ka rubuta sunan shago. Lissafi dai ya ce in zauna.

Saura kwana uku wa'adi ya cika muka je aiki wani tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Kano. Fuskar zauren cike take da zanen magina, an tayar da shi da laka, ga dagi a saman ƙofa, ga zankwaye a bisa. Abokin aikina ya ɗauko na'urar huda bango ya saita ta a tsakiyar dagin, don nan ne hanya mafi kusa. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Na zagaya da wayar ta ƙarƙashin indararo, ta ci mana ƙarin yadi goma da kusan awa biyu. Kawu ya yi faɗa, ya ce daga kuɗina za a cire, kuma ya cire.

Mai gidan, wani dattijo, ya fito ya ga abin da na yi. Ya ce maginin da ya yi zanen ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk aikin bulo suke yi. Duk inda damina ta cinye, sai dai a shafe da siminti.

Ina kan tsani da la'asar na lura da wani abu. Maginin nan bai shafa launi ko ɗaya ba. Zurfin lakar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ta yadda inuwa ce ke fito da layin idan rana ta karkata. Na wuce irin bangon nan sau ba adadi tun ina yaro ban taɓa ganin haka ba. Abin da ya sa na gani ranar shi ne wani malaminmu da ya sa muka shafe zango guda inuwa kawai muke zanawa. Shi ne ya taɓa ɗaga aikina a gaban aji ya ce, "Wannan tulun da ke cikin kanka ka zana. Koma ka kalli wanda ke gabanka." Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kan tsanin nan na gane abin da ban rubuta a takardata ba. Sola na koye ta cikin wata uku, kuma tana hannuna duk inda na je. Ido kuwa shekara biyu ana gyara mini shi, ko rabi bai kai ba, kuma ba ya gyaruwa sai da wanda zai faɗa maka gaskiya mai ɗaci. Mai gida in wuta ta kawo ya gamsu. Abokai a Facebook duk abin da ka ɗora "Masha Allah" ne.

Na tuna cewa a Zariyar nan, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce sai an haɗa fasahar gida da abin da ake koya musu na Turai. Ba su yarda da duk abin da ake koyarwa ba, amma a cikin makarantar suka yi gardamar. Na tuna Ladi Kwali ta bayan naira ashirin. Wajen gwaggonta ta koyi ginin tukwane, ta riga ta shahara, duk da haka a 1954 ta shiga cibiyar Michael Cardew a garin da yanzu ake kira Suleja, ta sake zama ɗaliba. A 1977 jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ita da ta riga ta iya ma ta nemi ƙari, balle ni.

Na koma makaranta. Ba zan ɓoye muku abin da hakan ya ci ba. Kawu ya yi wata biyu amsa sallama kawai ke haɗa mu. Shagon ya koma hannun abokin aikina, yanzu yana da babur, ya yi aure. Ni kuwa Asabar da Lahadi ina kan rufin mutane a Samaru da Sabon Gari don in sayi fenti, Litinin in shiga aji hannuna na rawa. Makina ya ragu. Akwai zangon da ƙanina ya yi sati uku a gida saboda kuɗin makaranta, na san da ina shagon da hakan bai faru ba. Wannan har yau yana damuna.

Don haka ba zan ce wa kowa ya yi yadda na yi ba. Wanda gidansu ke jiran abin da zai kawo da yamma, in ya ajiye karatu ya kama sana'a bai yi laifi ba, kuma barin aji ba ya hana hannu zane. Shawarata ga mai irin wannan ruɗani, ko zane ne ko rubutu, ita ce ya tambayi kansa: me nake samu a nan wanda ba zan samu a waje ba? In takardar shaida ce kawai, a sake tunani. In akwai mutum ɗaya da ke duba aikinka ya nuna maka inda ka yi ha'inci, to ka auna shi da kyau kafin ka tafi, don irinsu ba su da yawa.

Aikina na kammalawa a kan fuskar zauren nan na yi shi. Da na koma ɗaukar hotonsa, na tarar an shafe gefen hagu da siminti. Dagin yana nan, wayata na zagaye da shi.

Allah Ya yi mana zaɓi mafi alheri.