Ciwon ƙirjin da muka ɗauka olsa ce

Shekara biyu Yayana yana shan jar kanwa, wai olsa ke damunsa. Duk sanda ya hau tudun unguwarmu da sassafe, musamman cikin sanyin Jos na Disamba, sai ya dafe ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa buhu. In ya huta minti biyar sai ya sake shi.

A asibitin JUTH da ke Lamingo likita ya ce anjaina ce: kitse ya ƙuntata jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Hawan jini, ciwon suga da sigari na jawo ta, sanyi na tayar da ita. Aka ba shi asfirin, maganin rage kitse, da ƙwayar GTN ta sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso.

Likitan ya ja kunnenmu: mai tasowa da wahala ta kwanta da hutu, da sauƙi. Wadda ta zo mutum na zaune, ko ta ƙi lafawa, a garzaya asibiti.

'Yan uwa, ni nake sayo masa kanwar nan da hannuna. Kada ku yi irin nawa.