Binnen Gero a Ƙasar Wagini

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa ce, amma kowane gida da rijiyar da yake zuwa ɗebo haƙuri ranar da aka yi masa rashi. A ƙasar Katsina, inda galibin jama'a Musulmi ne, kowa ya san kalmomin da ake faɗa wa mai makoki, ya kuma san amsarsu tun yana yaro. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda 'yan tsirarun Hausawa Kirista da ke warwatse a ƙauyukan ƙasar suke ɗaukar wannan kaya, da irin maganar da ke sanyaya musu zuciya. Labarin wata dattijuwa da ke zaune a wata 'yar unguwa kusa da Wagini ya isa ya nuna wani abu daga ciki.

Wagini gari ne na manoma a cikin Ƙaramar Hukumar Batsari, watau ƙasar Sarkin Ruma, a gefen Dajin Rugu. Mutanen wannan yanki sun gaji kwana da kunne ɗaya a buɗe, gama kakanninsu sun sha fama da mahara daga Maraɗi a ƙarni na 19. Bayan shekaru masu yawa na zaman lafiya sai 'yan bindiga suka mai da dajin mafakarsu. A watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da su, amma sulhun bai yi ƙarko ba, don kuwa a watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka kuma hana sayar da dabbobi a kasuwanninsu. A cikin wannan watan ne mijin dattijuwar ya rasu.

Gidansu ya daɗe da addinin Kirista. Surukinta Bamaguje ne da cutar kuturta ta kai shi Babbar Ruga, a kan hanyar Katsina zuwa Batsari, inda mishan ɗin SIM suka karɓi aikin jiyyar kutare a ƙarshen shekarun 1930. Ya yi shekaru a can, ya komo da sauran yatsunsa, da karatun boko, da kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar da aka fara bugawa cikakkiya a 1932. Daga gare shi ne gidaje uku ko huɗu suka bi, suna taruwa ran Lahadi a wata rumfar kara, suna noma da cin kasuwa tare da maƙwabtansu Musulmi, ba mai jin kansu.

Ranar da abin ya faru maigidan ya tafi yankan gero a gonarsa ta nesa. Ta roƙe shi ya bari sai an sami 'yan rakiya, ya ce tsuntsaye ba za su jira shi ba. Magariba ta yi bai dawo ba, dare ya raba bai dawo ba, da gari ya waye aka same shi kwance a tsakanin kunya biyu, laujensa na gefe. Ba waya balle a kira fasto daga gari, ba kuwa hanyar sanar da 'yarsu da ke aure a Kano. Kiristocin da suka rage a unguwar ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, yawancinsu kuma mata ne da tsofaffi. Saboda haka maƙwabta Musulmi ne suka ɗauko gawar, su ne suka haƙa kabari a bayan gida, sa'an nan suka koma gindin wata bedi suka tsaya shiru, har wani tsohon mai bishara ya gama karatu da addu'a. Da aka rufe, suka matso ɗaya bayan ɗaya suna cewa, "Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Allah ya ba ki juriya, ya raya abin da ya bari." Kowa ya tsaya a iyakar abin da addininsa ya yardar masa ya faɗa, ba wanda ya tsallake, ba kuma wanda ya rage wa wani zumunci.

Sai da jama'a suka watse sa'an nan nauyin ya sauko mata. Ta yi makonni ba ta iya cin tuwo, in ta tuƙa sai ta ga ta kwashe malmala a kwanon maigida kamar yadda ta saba shekara talatin da wani abu. Da hanya ta ɗan yi dama, matan Zumuntar Mata suka zo mata gaisuwa daga wani ƙauye, da tulunansu na kiɗa da Littafin Waƙoƙi. Ɗaya daga cikinsu, da kyakkyawar niyya, ta ce mata ta share hawaye, wai mai bi ba ya kuka, tun da mamacin yana wurin hutawa. Wannan magana ta ƙara mata ciwo, domin yanzu kaya biyu ne a kanta, ga rashin miji, ga kuma zargin kanta da ƙarancin bangaskiya.

Tsohon mai bisharar nan ne ya sauke mata na biyun. Ya zo da yamma ya zauna a bakin zaure, ya tuna mata da labarin da ke cikin Bisharar Yohanna sura ta 11, inda Yesu ya iso Betanya bayan abokinsa Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Bisa ga labarin, ya san zai ta da shi a wannan rana, duk da haka da ya ga 'yan'uwan mamacin suna kuka sai shi ma hawaye suka zubo masa. Ya ce mata, "Mama, in wanda ke riƙe da mabuɗin kabari ya yi hawaye a bakinsa, wa zai hana ki? Manzo Bulus ma da ya rubuta wa mutanen Tasalonika bai hana su baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin cikin wanda ba ya jiran kome." Daga ranar ta daina ɓoye kukanta, abin mamaki kuma daga ranar ta fara cin abinci.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wata kalma da Kiristocin Hausa suke yawan amfani da ita a irin wannan hali, watau bege. A Hausar yau da kullum bege shi ne kewar wanda zuciya ke so alhali ido ba ya ganinsa, kamar begen uwa ga ɗanta da ya tafi ci-rani, ko begen da sha'irai suke yi. A bakin Kirista kalmar ta ɗauki wani nauyi a kan wannan, ta zama jiran abin da aka yi alkawarinsa, shi ya sa wasu masu fassara suka zaɓi su ce sa zuciya. Ma'anonin nan biyu ba su rabu ba a wurin wannan dattijuwa. Tana begen mijinta domin ba ya nan, tana kuma da bege domin ta gaskata cewa Almasihu ya mutu ya tashi, kuma waɗanda suka mutu suna dogara gare shi za su tashi kamar yadda ya tashi. Kewar ba ta ragu ba ko kaɗan, sai dai ta zama kewar wanda aka yi wa sallama da alkawarin saduwa. Don haka ne ma in suna maganar mamaci sukan ce ya yi barci, gama mai barci ana sa ran farkawarsa.

Ba a daɗe ba aka gwada wannan bege. Autanta, saurayi ɗan shekara ashirin, ya shiga yawo da 'yan sa-kai, ya sayo bindigar toka ya ɓoye a cikin rumbu. Bai san wanda ya kashe mahaifinsa ba, amma ya ƙudura cewa duk wanda ya fito daga wajen daji abokin gaba ne. Wata safiya wata Bafillatana mai tallan nono, wadda ta yi shekaru tana zubar musu da nono a ƙofar gida, ta zo gaisuwa a makare, tana rakuɓe don tsoro. Yaron ya miƙe zai kore ta, uwar ta riƙe masa riga, ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma. Ashe ita ma an kashe mata ɗa, an kore musu shanu. Bayan ta tafi yaron ya ce, "Inna, ashe jinin Baba zai tafi a banza ke nan?" Ta ce, "Jinin ubanka yana rubuce a wurin wanda ba ya mantuwa, kuma akwai ranar shari'a. In da kabari ne ƙarshen magana, da ni da kaina zan miƙa maka bindigar. Tsaron gari daban, farautar marar laifi daban. Ubanka zai tashi, ina so ya same ka da hannu mai tsabta." Yaron bai amsa ba. Ya ci gaba da kwana a bakin gari tare da masu gadi, amma bai taɓa bin masu shiga rugage ba.

A bikin Ista na 2022, wanda ya faɗo a watan Afrilu ana tsakiyar bazara, aka karanta musu wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa sura ta 15, inda aka kwatanta jikin mamaci da ƙwayar hatsi da ake sa wa a ƙasa, ta ruɓe, kana ta fito da wata kama da ta fi ta farko. Masu karatu a birni sukan ɗauki wannan a matsayin misali mai daɗin ji, amma manomiya ta san shi da hannunta. A ƙasar Katsina akwai shukar da ake kira binne, wadda ake yi tun kafin ruwa ya sauka. Mutum ya ɗebi irin da ya hana 'ya'yansa ci duk tsawon rani, ya sare busasshiyar ƙasa, ya zuba, ya take da diddige, ya koma gida ba ko gajimare a sama. Wanda bai san noma ba zai ce an zubar da abinci ne. Kalmar da ake faɗa wa wannan shuka kuwa ita ce dai ake faɗa wa sa mamaci a kabari.

Gonar nesa ba ta shiguwa a wannan shekara, saboda haka a 'yar gayaunar bayan gida ta yi binnenta, ita da autan, da irin geron da aka tattaro daga gonar da maigidan ya faɗi. Ta san binne yakan yi asara. Tururuwa takan kwashe, zabi sukan tone, wani lokaci kuma a yi ɗan yayyafi iri ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da wata maƙwabciyarta ta tuna mata da haka, sai ta ce gaskiya ne, wannan binnen na hannun damina ne, damina kuwa takan saɓa, amma wancan da ke kwance a ƙarshen gayaunar yana hannun wanda ba ya saɓa alkawari. Maƙwabciyar, wadda ita ma ta yi imani da tashin ƙiyama bisa ga nata addinin, ta ce, "Allah ke nan, Yaya," ta karɓi ƙwaryar irin ta taya ta zubawa.

'Yarta ta Kano ta sha aiko mata da kuɗin mota ta komo birni, tun da an sami ɗaki. Takan je ta yi mako biyu ta dawo. Har yanzu in ta ji ƙarar babur da dare gabanta yakan faɗi, har yanzu kuma wani lokaci takan tsaya da muciya a hannu hawaye na zuba. Ta riga ta nuna wa autan wurin da take so a sa ta in nata ya zo, kamu biyu daga na mijinta, ta gefen gabas. Allah ya kawo wa ƙasar Ruma da Safana zaman lafiya, ya sanyaya zuciyar duk wanda aka yi wa rashi, amin.