Kafin Mu Yanka Fuloti, Mu Tambayi Ƙasar

Duk wanda ya san Zuru shekaru ashirin da suka wuce, ya san garin ya faɗaɗa. Rashin tsaro ya koro jama'a daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba, fili ya yi daraja. Wuraren da a da juji ne, ko garejin makanikai inda baƙin mai da ruwan batir suka daɗe suna tsiyaya, yau ana cike su ana yanka fuloti. Mai saye yakan tambayi iyaka da shaidu da takarda. A shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a ina kuma zama cikin jama'a, ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ke cikin ƙasar kanta ba.

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana kuɗar wannan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma ba ta ruɓewa. Sai da aka kankare saman ƙasar gida-gida, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Likitocin MSF sun ce ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi cikin gubar, don haka yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a Shikira, Jihar Neja. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jinkirin Bagega ya samo asali ne daga tambaya guda: wa zai biya? Dokokinmu sun rarraba alhakin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan dokokin muhalli, kwashe shara kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta fi karkata ga manyan ayyukan da za a fara, talaka mai gina ɗaki biyu a tsohon juji bai shigo lissafinta ba. Ƙa'idar cewa wanda ya ɓata shi zai gyara tana da kyau, amma idan mai ɓatawar bakanike ne da ya tashi tuntuni, wa za a kama?

Amurka ta fuskanci wannan bayan abin da ya faru a Love Canal, inda aka gina makaranta da gidaje a kan shara mai guba. A 1980 ta kafa asusun tsabtace irin waɗannan wurare, a 2002 kuma ta yi dokar da ke kare sabon mai saye daga ɗaukar laifin wanda ya gabace shi, muddin ya bincika tarihin filin kafin ya saya.

Ba mu da kuɗinsu, amma matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ƙaramar hukuma da masarauta su haɗa kai su rubuta jerin tsofaffin juji da gareji da wuraren niƙa dutse. Masu unguwanni sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatar filaye ta Jihar Kebbi ta sa gwajin ƙasa ya zama sharaɗi kafin ba da takardar mallaka a irin waɗannan wurare, musamman idan makaranta ko rijiya za a yi. Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru za ta iya ɗaukar nauyin gwajin. Wanda kuma ya yarda ya tsabtace fili da kuɗinsa, a sauƙaƙa masa kuɗin takarda.

Gidan da muka gina yau, jikokinmu ne za su yi wasa a tsakarsa. Haƙƙinsu ne mu san a kan me muka aza harsashinsa. Allah Ya sa masu iko su ji.