Hannun Inna

Tun da hannun Inna ya fara mutuwa cikin dare, yatsu uku suna zugi kamar ana tsira musu allura, nake yawan tuna David Butler. Likitan gashin ƙashi ne a Adelaide ta ƙasar Ostireliya, ya shafe shekaru yana nazari da koyarwa a kan ciwon jijiya.

Littafinsa na 1991, Mobilisation of the Nervous System, ya nuna cewa jijiya tana zamewa a cikin nama duk lokacin da muka miƙe hannu ko muka karkatar da wuya, kuma tana buƙatar jini isasshe. Idan ta matsu a wuyan hannu, sai ta fara kuka. A 2003, shi da Lorimer Moseley suka fitar da Explain Pain, inda suka koyar cewa fahimtar ciwo tana rage tsoronsa.

Wannan ya fi taɓa ni. Na zauna kusa da Inna, na yi mata bayani a hankali. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, "Ashe ba shanyewa zai yi ba, ɗan nan."