Kafin a yi wa Baba hoton ciki

Mubi, Jihar Adamawa

Yaya,

Da fatan kun isa Yola lafiya, jikin Baba kuma da sauƙi. Inna tana gaishe ku, ta ce kada ka bar shi ya wuni da shayi kaɗai.

Na ji za a yi masa hoton CT da allurar rini. Kada hankalinka ya tashi, amma ka saurare ni. Rinin nan na ayodin ne, ta jijiya ake sa shi don hanyoyin jini su fito sarai, ƙoda ce kuma ke fitar da shi ta fitsari. Mai lafiyayyar ƙoda ba ya ma sanin an yi. Baba kuwa ga shekaru, ga ciwon suga, ga zafin Yola mai tsotse ruwan jiki. A irin jikinsa rinin kan matse ƙananan jijiyoyin ƙoda, oksijin ya ragu, ƙwayoyin da ke tace fitsari su fara mutuwa.

Don Allah ka faɗa wa likita yana shan metformin, maganin sugansa. Ka roƙa a auna masa kiretinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, kafin hoton, a sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, don sai lokacin yake hawa. Diclofenac ɗin da yake saya a kemis saboda gwiwa kuwa, laluba aljihun babbar rigarsa, na san yana can. Ƙwace shi.

Ka san ni da surutun karatu. A cikin ƙwayoyin ƙodar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maikro-RNA. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bankaɗo aikinsu a 1993, a jikin wata 'yar tsutsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2024. Ba sa ƙera komai. Kamar dogarai suke a ƙofar fada, su ke tare saƙo kafin ya zama furotin. Idan rini ya bugi ƙoda, wasunsu kan hana ƙwaya kashe kanta, wasu kuma su ingiza ta. An ga wasu suna ƙaruwa a jini tun kiretinin bai motsa ba. Sai dai har yanzu bincike ne, bai zama gwajin asibiti ba, don haka kada ka je kana tambayarsa a lab su yi maka dariya.

Idan sakamakon kiretinin ɗin ya fito, kira ni ka karanta mini lambar, ko da dare ne.

Ƙanwarka