Ni Na Rubuta Wa Motata Magani

A Kano ban taɓa neman bakanike ba, gadonsa na yi. Wani dattijo ne a wajejen Ƙofar Ruwa, shi ke gyara wa mahaifina Peugeot 504 tun ina firamare. In mota ta yi tari, makulli kawai nake ajiye masa in kama gabana. Ba zai cuce ni ba, don ya san gobe za su haɗu da Baba a ɗaurin aure ko jana'iza.

Da aiki ya kawo ni Abuja sai na rasa wannan inuwar. Abokan ofis kuma suka cika ni da tsoro: wai in ka shiga garejin Apo da babbar riga, har kuɗin rigar za ka biya. Sai na ƙudura a raina ba wanda zai gane ni baƙo ne, balle ya gane ban san komai a cikin inji ba.

A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol, layukan gidajen mai suka cika gari, Corolla ɗina ta fara shaƙewa a titin Kubwa. In na taka ta sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi. Kowa a lokacin zancen mugun mai yake, ni ma na yanke hukunci.

Na isa Apo da wando da 'yar shat. Wani matashin bakanike ya ce, "Oga, tayar da ita in ji."

Na ce, "Ba sai ka ji ba. Famfon mai ne. Canja shi."

Ya dube ni, ya dubi motar, ya aiki yaronsa shagon kayan Beljiyam. Aka sauke tanki aka wanke, aka sa famfo. Ban kai Area 1 ba ta koma gidan jiya. Washegari na ce nozul ne, aka wanke nozul. Rana ta uku na ce fulogi. Duk abin da na ambata sai ya ce "To, Oga," ya yi. Kusan rabin albashina ya tafi, ina ta ba mutane labari cewa makanikan Abuja ɓarayi ne. Allah ya yafe mini wannan ƙazafin.

Daren nan na kira dattijon Ƙofar Ruwa. Ya bar ni na gama ƙorafi tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, shi yaron me ya ce yana damunta?"

Na yi shiru.

"Ba ka tambaye shi ba ke nan. Ubanka shekara talatin bai taɓa gaya mini aikina ba."

Da safe na koma, wannan karon da kaftanina da hula. Na ce, "Malam, duba ta da kanka." Ya bar injin yana aiki, ya riƙa zare wayar koyil ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan Corolla koyil huɗu gare ta, kowace silinda da nata. Duk wanda ya zare sai injin ya ƙara rikicewa, sai na uku: an zare, ko gezau. Ashe tuntuni ya mutu, da silinda uku nake ta yawo. Minti goma bai cika ba aka gama.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini tun ran farko?"

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Yallaɓai, yadda ka shigo na ɗauka injiniya ne."

Tsohon famfon yana nan a but har yau, lafiyarsa ƙalau. Duk sanda uwargida ta tambayi mene ne wannan, sai in ce mata na ko-ta-kwana ne.